Randar da Na Fasa a Filin Abena

Shekara shida ke nan da rasuwar mutumin da muke kira Metir, kuma da ba don wasiƙar da matarsa ta aiko mini wata biyu da suka wuce ba, da ban ɗauki alƙalami ba. Ta ce a al'adarsu akwai taron da dangi suke yi wa mamaci idan shekaru sun kai haka, kuma ana so a ajiye wani abin da ya ƙaunata kusa da hotonsa. Ta duba kayansa, ta ga kofuna da lambobin yabo, amma ta ce abin da ya fi yawan ambata har kwanakinsa na ƙarshe shi ne wata randa da ya bari a bakin filin ƙwallo a Abena, nan Njamena. Roƙonta ɗaya ne, in ɗauki hoton randar in aika mata. Randar nan kuwa babu ita. Ni na fasa ta da hannuna, kuma har mijinta ya bar duniya ina rubuta masa cewa tana nan lafiya lau.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba. Waɗanda suka san shi kuma Shinuwa suke ce masa, wato ɗan ƙasar Sin. Shekara uku ya yi a cikinmu yana gaya wa mutane cewa shi ɗan Japan ne, a ce masa to, gobe a sake kiransa Shinuwa. Har ya gaji ya daina gyarawa. Mu 'yan wasansa Metir muke ce masa, kamar yadda ake kiran malamin makarantar boko a nan, domin sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshenmu. Ba zan rubuta sunan ba, ban nemi izinin iyalinsa ba, kuma ban ga ina da fuskar nema ba.

A ƙasarsu ɗan ƙwallo ne, mai tsaron baya. Ya gaya mini cewa a zamaninsa ɗan ƙwallo ma'aikacin masana'anta ne, da safe yana gaban inji, da yamma yana fili. Ya yi wasa har ya sa rigar ƙasarsu, sai gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Shi ya sa yake ɗingishi kaɗan, yara kuma suna kwaikwayonsa a bayansa, ya juyo ya gyara musu, ya ce ba haka yake jan ƙafar ba. Wani shirin 'yan sa kai ne ya kawo shi Cadi a tsakiyar shekarun casa'in don ya horar da matasa. Aka ba shi ɗaki a Sabangali kusa da kogin Shari, aka ba shi keke, aka haɗa shi da ƙungiyar unguwarmu. Ni ne kyaftin a lokacin. Na ɗan taɓa kwaleji, ina jin Faransanci, shi ma nasa Faransancin a karye yake kamar nawa, sai na zama bakinsa a wurin sauran, ina juya musu da Larabcin gari da Hausa. Sunana Hamisu. Shi Hamisi yake cewa.

Filin namu a lokacin sunan fili kawai yake da shi. Juji ne da aka kafa wa ƙarafa huɗu. Akwai fasassun kwalabe, ƙusoshi, tsofaffin reza, murafun gwangwanin tumatir, ga kuma abin da yaƙe-yaƙen baya suka bar mana, kwanson harsashi, wanda duk damina ruwa yake tono shi ya baje. Rabinmu ba takalmi muke wasa. Idan mutum ya yanke, ya ɗebi ƙasa ya tura a ciwon ya ci gaba. Ba mu ɗauki wannan komai ba, haka muka taso muka tarar.

Ranar farko da ya zo, ya jingine kekensa, ya tsaya a bakin jujin nan ya haɗa ƙafafu ya sunkuya masa. Muka kwashe da dariya. Ya sa na gaya wa kowa cewa a wurinsu ba a shiga fili ba a gaishe shi ba, ba a fita ba a yi masa godiya ba, kuma mu ma haka za mu riƙa yi. Muka yi, muna ƙunshe dariya, kwana uku. A rana ta huɗu mahaifina ya aika a kira ni.

Mahaifina, Malam Garba, ɗan kasuwar goro ne, kuma shi yake jan salla a ƙaramin masallacin ƙofar gidanmu. Kakansa ne ya zo garin nan a hanyar Makka ya zauna bai wuce ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in zo masa da baƙon. Na kai shi bayan la'asar, aka shimfiɗa masa tabarma, aka zuba masa shayi. Baba ya ce, "Hamisu, gaya wa malamin naku ya yi haƙuri. Mu ba ma ruku'u sai ga Allah. Ko sarki ne a gabanmu, balle ƙasa." Na fassara ina tsammanin za a yi musu. Metir ya ajiye kofin ya ce bai sani ba, kuma daga yau an daina. Ya tambaya ko shi kansa zai iya ci gaba da nasa, tunda shi ba Musulmi ba ne. Baba ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Daga nan Metir ya sake tambaya, ya ce idan mutum ya sunkuya ya ɗauke ƙusa daga hanya fa, shi ma laifi ne? Baba ya yi dariya ya ce wannan ai lada ce.

Washegari bai zo atisaye ba. A rana ta biyu sai ga shi da yamma, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, da randa ɗaure a bayan kekensa. Har Gawi ya je, ƙauyen nan na masu ginin tukwane, ya zaɓo babba mai faɗin baki, ya turo keken da ƙafa yawancin hanya don kada ta fashe, da gwiwar nan tasa. Ya kafa ta a gindin dogonyaro da ke kusurwar fili. Doka ɗaya ya kafa. Duk mai shiga fili ya sunkuya ya ɗauki abu ɗaya mai yanka ya jefa a randa, duk mai fita ya sake ɗaukar ɗaya. Bai ce a yi gayya a share filin ba, na ma ba shi wannan shawara ya ƙi. Ya ce idan aka share rana ɗaya, aikin wasu ne. Hausar da ya fara koya ke nan, yana tsaye a bakin randa yana ɗaga yatsa: "Ɗaya. Ɗaya." Wanda ya manta, ko shi ne gwanin cin ƙwallo, ranar a benci zai zauna, bencin ma kututture ne.

Idan randa ta cika, da yake babu motar kwashe shara a unguwar, sai ya haƙa rami mai zurfi a bayan dogonyaron, ya juye ya binne ya daddanne. Ni nake riƙe masa shebur. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ba zan cika ku da labarin yadda yake horarwa ba. Ba ya zagi, ba ya duka, abin da ya sa da farko muka ɗauka bai iya ba. Yana da littafi ƙarami da yake rubuta sunan kowa da ƙafar da ya fi rauni. Yana sa ɗan gaba ya tsare baya na wata guda don ya san wahalar da yake bar wa 'yan'uwansa. Ya san wanda bai ci abinci ba tun safe, kuma yana da hanyar tsayawa a wurin mai ƙosai tare da shi ba tare da yaron ya ji kunya ba. Abin da nake so ku sani shi ne, bayan damina ta biyu mutum yana iya gudu daga raga zuwa raga ba takalmi, ido a kan ƙwallo, ba a ƙasa ba. Wanda bai taɓa wasa yana tsoron inda zai taka ba, ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Mun fara ɗaga kai muna ganin juna. Daga nan muka fara cin wasa, muka ci unguwannin da a da suke zuwa su yi mana dariya su tafi.

A nan laifina na farko ya shigo. Wata rana wata ƙungiya ta zo daga wancan ɓangaren gari, suka ga muna zuwa ɗaya bayan ɗaya muna sunkuyawa muna jefa abu a randa. Kyaftin ɗinsu ya tambaye ni da Larabci mene ne wannan. Ni kuma da tsokana, da son in karya musu gwiwa tun kafin a busa, na kanne ido na ce, "Kai dai kada ka matsa kusa. Daga ƙasarsu malaminmu ya zo da abin da ke ciki." Muka ci su uku. Maganar ta bi gari. Na ji daɗinta har raina, na maimaita ta a wasu wasannin. Wasu daga cikin namu ma suka fara shafa bakin randar kafin wasa suna shafawa a ƙafa. Metir ya gani ya tambaye ni, na ce masa wasa ne kawai na yara. Ban gaya masa daga bakin wa ta fito ba.

Wa'adinsa ya cika, ya tafi cikin mutunci. Baba ya ba shi hula da ƙwaryar goro. A bakin randar ya cire usur ɗinsa ya rataya mini a wuya, ya ce ƙungiya tawa ce, randa ma tawa ce. Ya ce, "Hamisi, ƙwallo za ku ci, za a ci ku. Wannan dai kada ta tsaya." Na ce masa insha Allahu. Ko wata biyar ba a yi ba na karya alkawarin.

A shekarun nan fatake da yawa sun shigo garin daga arewacin Najeriya, wasu daga Nijar. Sun zo da jari, sun zo da karatu, kuma sun zo da wani kallo da suke yi mana, mu Hausawan da aka haifa a nan. A ganinsu Hausarmu ta gauraye da Larabci, addininmu ma ya gauraye da abin da ba a sani ba. Babbansu a layinmu shi ne Alhaji Tanimu, mai sayar da atamfa. Ba mugun mutum ba ne, ina so in faɗi wannan, domin a shekarun da na yi ina neman wanda zan ɗora wa laifi shi nake fara kamawa. Yana da 'ya'ya biyu a ƙungiyar. Ya ji a kasuwa cewa akwai randar tsafi a filin Abena, wadda wani kafiri ya kafa, kuma ɗan limamin unguwa ne yake tsaronta. Duk uban da ya ji haka zai tashi tsaye.

Wata Juma'a bayan la'asar dattawan unguwa suka taru a gindin dogonyaron. Mutane suka cika wurin. Alhaji Tanimu ya yi magana da irin Hausarsu ta Kano mai santsi. Ya ce, "Malam Garba, ba raini ba ne. Amma yaya za mu bi mutum salla alhali a gidansa ake riƙe da wannan?" Na dubi mahaifina. Tsoho ne da ya shekara talatin yana jan sahu. Shi ne ya ce wa Metir wannan lada ce, amma shi ma maganar gari ta shige shi. Ya ce da ni a hankali, "Hamisu, in babu komai a ciki, nuna musu."

Zan iya karkata randar in zuba kaɗan. Zan iya sa hannu in ɗebo. Amma ina so a ga ni ma ina da kishin addini, ina so baƙin nan su daina yi wa ubana wannan kallo. Na aika aka karɓo taɓarya a maƙwabta, na ɗaga na sauke mata a ciki. Bugu biyu ta tsage. Abin da ke ciki ya zube a gaban jama'a: ƙusoshi masu tsatsa, reza, allurai, fasassun kwalabe, kwanson harsashi. Na ɗauka shi ke nan na wanke kowa. Sai na ji wata mata a baya ta ce a'uzu billahi. Alhaji Tanimu ya nuna da sandarsa ya ce, "To jama'a, da me boka yake haɗa sammu in ba da waɗannan ba?" Wani ya ce ai har binnewa suke yi, ya gani da idonsa. Aka kawo fatanya aka tona bayan bishiyar, aka ci karo da ramukan da na riƙe shebur aka haƙa. Reza da ƙusa a binne a kusurwar fili. Ko ni da na san yadda aka yi, sai da abin ya yi mini kama da sammu.

Magana ɗaya ce ta rage a bakina. In ce, ni na tsince su, da ni da 'ya'yanku, ɗaya bayan ɗaya, shekara uku, don kada su yanke ƙafa, kuma ni na ƙirƙiri zancen asiri don in tsorata abokan wasa. 'Yan ƙungiya suna tsaye suna kallona, da na fara da sun bi baya. Amma faɗin haka yana nufin in ce a gaban ubana da baƙinsa ni maƙaryaci ne, ni na jawo masa wannan rana. Na yi shiru. Na bar laifin a kan mutumin da yake can wata duniya, wanda ba zai ji ba. Aka ce Shinuwa ya yaudari yara, aka yi addu'a, aka watse. Yara ƙanana suka bi tarkacen da ƙafa suna wasa da kwanson harsashi, kafin magariba aikin shekara uku ya koma cikin fili. Baba ya ci gaba da limancinsa har ya rasu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Wasiƙarsa ta farko ta iso bayan wata biyu. Ya tambayi gwiwar wane, ya tambayi jarrabawar wane, a ƙarshe ya ce, randa fa? Na rubuta cewa tana nan, har mun juye ta sau ɗaya. Na gaya wa kaina cewa sau ɗaya ne, kafin in sami yadda zan yi bayani. Sai ta zama al'ada. Duk wasiƙa da wannan tambaya yake rufewa, ni kuma na ƙware. Na ce masa damina ta kusa tafiya da ita mun ɗaure ta. Na ce masa wata unguwa ta kwaikwaye mu. Ƙungiyar kuwa ta watse tun a shekarar, iyaye sun janye 'ya'yansu, ni na koma sayar da kayan gyaran babur, sana'ar da nake yi har yau.

Shi kuma can tauraronsa yana hawa. Ya horar da wata ƙungiya a garinsu, daga baya aka ba shi horar da ƙungiyar matasa ta ƙasa. Ya aiko mini da hoto. Fili ne kore shar, ko tsinke babu, ga samari cikin rigar ƙasarsu sun sunkuya suna dube-dube a cikin ciyawa. A baya ya rubuta cewa ya ba su labarin 'yan Abena, ya kafa musu dokar ɗaya a shiga ɗaya a fita, amma wahalarsu ita ce babu abin ɗauka, wani sai ya yi minti biyar kafin ya sami guntun filasta. Ya ce yakan gaya musu cewa akwai waɗanda suke tsintar harsashi kafin su buga ƙwallo, kuma ba su taɓa fashi ba. Na karanta wannan a shagona, na sa hoton a ƙarƙashin akwatin fulogi, na yi kwana uku ban iya cin abincin kirki ba. A rana ta huɗu na ba shi amsa, na ce muna alfahari.

Abin da ya fi ba ni haushi ya zo a shekarar da aka buga gasar kofin duniya a ƙasarsu. Gidajen kallo suka cika. Labari ya bazu cewa Shinuwan Abena ya zama babban mutum, wasu daga cikin 'yan wasan da ake gani ma ta hannunsa suka bi. Sai ga mutanen da suka tsaya a gindin dogonyaro suna a'uzu billahi, su ne suke bugun ƙirji, namu ne, a unguwarmu ya koyi aiki, ni na sha shayi da shi. Wani har ya ce mini in rubuta masa ya aiko mana da riguna da takalma. Ba wanda ya ce mun zalunce shi. Na zauna a cikinsu ina jin kamar in tashi in kife benci, sai na tuna cewa duk cikinsu babu wanda ya ɗaga taɓarya sai ni.

Ciwon da ya kashe shi bai daɗe ba. Wasiƙarsa ta ƙarshe gajeriya ce, rubutun ya karkace. Ya ce likitoci sun hana shi fili, yana zaune yana tuna kifin Shari da shayin Baba. Ya ce in ya sami sauƙi zai zo ya ga ko randar ta tsufa. Allah ya sani, da na karanta wannan layi tsoro ne ya fara kama ni kafin tausayi. Da labarin rasuwarsa ya zo na yi kuka na gaske, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu mai kama da sauƙi, cewa ba zai zo ya gani ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai sauka a Abena yanzu. Wani gareji ya ci kashi ɗaya cikin uku na filin, baƙin mai yana gangarowa har wurin bugun kwana. Leda ta rufe ƙarafan raga. Faɗan da aka yi a cikin gari bara, wanda ya sa muka tsallaka gada zuwa Kusiri ta ƙasar Kamaru da 'ya'yanmu a kafaɗa, ya sake zuba mana sabon kwanson harsashi a kan tsoho. Matasan yanzu sun fi mu sanin ƙwallo a baki. Sun san sunan kowane ɗan wasan Turai da abin da ya ci da safe, suna zagin kocin ƙasa, suna cewa gwamnati ba ta gina filaye. Gaskiyarsu ne, ba ta gina ba. Amma na tsaya na ga saurayi ya tsallake fasasshiyar kwalba sau uku a wasa ɗaya, ya san inda take sarai, yana kauce mata da gwaninta, bai taɓa tunanin ya sunkuya ba. Ina jin Metir ba zai ce komai ba. Zai jingine keke ya fara tsinta, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Da wasiƙar matarsa ta zo, abin da na saba shi na fara yi. Na hau babur na tafi Gawi. Matan suna nan suna gini kamar da, na zagaya har na sami randa mai faɗin baki irin waccan. Na shafa mata toka da ƙasa don ta yi kamar ta shekara goma a waje. Na yi magana da mai hoto, muka haɗu a filin da hantsi ranar Lahadi. Na kafa ta a gindin dogonyaron, ta zauna daram kamar ba a taɓa ɗauke ta ba. Mai hoto ya leƙa ya ce, "Patron," wato maigida, "ai babu komai a ciki. In ana so ta yi kyau a zuba wani abu." Na ce ya jira ni.

Na shiga fili na sunkuya, karo na farko cikin shekara fiye da goma. Ƙusa. Reza. Gindin kwalba. Kwanso, kwanso, kwanso. Ban yi taku ashirin ba hannuwana suka cika, na koma na zuba, na ji ƙarar nan da na manta, ƙarar ƙarfe a cikin sabuwar randa. Na sake komawa. Bayana ya fara ciwo, gwiwata tana ƙara, na ci gaba. Abin da muke tarawa a wata uku a zamaninsa, na tara rabinsa kafin rana ta take. Samari suna gefe suna jiran in fita su fara wasa, kusan su ashirin, sun riƙe ƙugu. Ba wanda ya san labarin randa a cikinsu, yara ne ƙanana lokacin da aka fasa ta.

Mai hoto ya ce ya isa haka, ya gyara tsayuwa. Na dubi randar da tokar da na shafa mata, na ce masa ya bari. Na sallame shi bai ɗauki komai ba. A ranar na rubuta wa matar Metir duk abin da kuka karanta a nan, da taɓaryar, da shiruna, da wasiƙun. Na ce mata ba ni da hoton da zan aika, kuma in tana so ta ajiye wasiƙar a gaban hotonsa, ta ajiye, shi ya kamata ya fara ji. Har yanzu ba ta ba ni amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Me ya rage na mutumin nan? A ƙasarsu akwai 'yan wasa da suke sunkuyawa a fili mai tsabta saboda wasu jarumai na Abena da ba su wanzu ba sai a wasiƙuna. A nan inda ya turo keke daga Gawi da gurguwar gwiwa, akwai usur mai tsatsa a akwatina, da sabuwar randa da na bari a gindin bishiya, wadda ban sani ba ko za ta kai damina. Ina zuwa duk yamma in na rufe shago, in ɗauki ɗaya in shiga, in ɗauki ɗaya in fita. Har yau ni kaɗai ne.

Shekaranjiya ina sunkuye kusa da raga, wani dogon saurayi mai tsaron gida ya matso, jini yana ɗiga daga ɗan yatsan ƙafarsa, ya tura masa ƙasa kamar yadda muke yi a da. Ya gaishe ni da ladabi, ya tsaya yana kallon ƙasa tare da ni, yana so ya taimaka. Ya ce, "Baba, me ya ɓace muku ne?"

Na ci gaba da tsinta. Ya ɗan jira, aka kira shi, ya tsallake kwalbar da ke gabansa ya koma raga.